Shekarar da Motar Babanku Ta Ci Ragon Suna

Da ƙaramar Sallar da ta wuce muna zaune a falo, jikoki sun kunna talabijin, sai ga wata mota ta fito tana zabga gudu. Kai Kabiru ka yi wuf ka ce a canja tasha kada Inna ta firgita ta ƙona mana akwatin. Kowa ya tuntsire da dariya, har matarka, wadda ko cikinta ba a ɗauka ba lokacin da abin ya faru. Na yi dariyar tare da ku don akwai baƙi, amma wallahi ba har zuci ba. Fiye da shekara talatin ke nan ana tsokanata da maganar nan: wai Inna ta kalli fim ɗin mota mai kashe mutane ta rikice, wai tsoro ya sa ta jefa kaset a wuta, wai ranar da aka sa ta a mota sai da ta yi amai don firgita, wai ba don Iya kakarku ba da gidanmu ya watse. To na gaji. Iya ta rasu, Babanku ya rasu, Allah ya jiƙansu ya sa sun huta, yanzu babu wanda zan kunyata in na buɗe baki. Bokona na makarantar yaƙi da jahilci ne, ku yi haƙuri da shi. Amma kunnena ƙalau yake, abin da aka faɗa a gidan nan a waccan shekara ina jin shi har yau.

Bari in fara da motar, don ku a hoto kawai kuka san ta. Akori-kura ce shuɗiya, Babanku da hannunshi ya shafa mata fenti da buroshi, kuma da ita muke ci da ita muke sha. Ita ke ɗaukar mutane da buhunan gero da dawa tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, wani lokaci ta leƙa Birchi da Tamawa. Tsohuwa ce tukuf. Batirinta ya mutu tun kafin a kawo ni gidan, birkin hannu kuwa sai dai labari. Dabarar Babanku ita ce wannan gangaren na ƙofar gidanmu da yanzu aka zuba wa siminti. Da yamma sai ya hau da ita can sama ya juya hancinta ƙasa, ya bar ta a giya, ya sa mata weji, wato dutse a gaban taya, don giyar ma ba a yarda da ita ba. Da safe ya zare dutsen ya kai zaure, ya shiga ya taka kuloci, ta gangara, ta yi tari biyu ta tashi. Dutsen nan mai faɗin ciki ne, gefe ɗaya a shafe, da ɗigon shuɗin fenti a bayanshi tun ranar da aka yi wa motar kwalliya. Kullum ni ke kewaye shi da tsintsiya a zaure. Na san shi kamar yadda na san turmina.

Da na haife ka, Kabiru, Iya mahaifiyar Babanku ta taho daga Birchi don ta yi mani wankan jego, tunda ni uwata ta rasu ina yarinya. Ku kun san Iya ta tsufa tana raba alewa. Ni na san ta da ƙarfinta: 'yar ƙarama, ga bakin magana, ga hannun aiki, in ta ce abu a dangi ya zauna. Ta riƙe ni da kyau, ba zan ɓoye ba. Kunun kanwarta ban sake shan irinshi ba.

Ana gobe suna gida ya cika da mata, sai Baffanku Nuhu, da ya sayi bidiyo a shekarar nan yake jin babu kamarshi a unguwa, ya kinkimo shi da talabijin ya girka a ɗakina bayan azahar, wai 'yan barka su ɗebe gajiya. Fim ɗin Indiya ya karɓo haya, ga hoton wata mai rawa a bayan kwalin. Ashe mai bayar da hayar wani kaset ya zura ciki. Aka kunna, sai Turawa, sai wata doguwar hanya ba kowa.

"Kai Nuhu, ina rawar?" in ji Iya.

"Tana tafe, Iya, gaba kaɗan."

Rawa ba ta zo ba. Mota ce ta zo, ba kowa a cikinta, ta kunna fitila da kanta, ta bi wani mai tafiya a gefen hanya ta take shi, ta dawo da baya ta ƙara. Ɗaki ya ɗauki salati. Da mai hankali ne da nan ya kashe, amma Nuhu ya ce ai an riga an fara. Aka aika aka kira Maman Ngozi, maƙwabciyarmu ta ƙasan gangare, wadda mijinta ke sayar da magani a bakin kasuwa, ƙawata ce ta gaske, don ita ke jin Turanci. Ta zauna a bakin gadona tana fassara da hannu ɗaya a ka.

"Wannan ya ce motar ba direba."

"Ai mun gani! Yanzu me ya ce?"

"Ya ce a gudu."

"Ita waccan fa mai kuka?"

"Ita ma ta ce a gudu."

Ni ina kishingiɗe ina ba ka nono, ina kallo da idon matar direba. Motar nan ta yini ta kwana tana bin mutane, ko sau ɗaya ban ga ta tsaya gidan mai ba. Na ce, ni fa ina da tambaya, wa ke zuba mata mai? Aka ce in yi shiru. Na ce motar da ke tashi da kanta ba a tura ta ba, ai wannan abar so ce, da Malam, wato Babanku, zai samu irinta da mun huta. Iya ta juyo ta ce in tofar da yawu, maijego ba ta irin wannan magana. Ku riƙe wannan: a ɗakin nan ni kaɗai na yi dariya. Babanku kuwa ya dawo daga Kurfi ya tsaya a bakin ƙofa, wai ba kallo yake ba, Nuhu yake jira. A tsaye ya ga ƙarshen fim ɗin.

Washegari da sassafe ina ɗaki ana ɗaura mani ɗankwali, maza sun cika tabarmi a ƙofar gida, liman ya zo, ragon suna yana ɗaure a gindin bedin da ke jikin katangar Maman Ngozi, mahauci na wasa wuƙa. Sai na ji ihu, "Mota! Mota!" sai gudu, sai wani ƙara da ya girgiza kwanukana. Waɗanda suka gani sun ce a hankali ta taso, ba ƙarar inji, ba kowa a ciki, ta ratsa ta tsakiyar tabarmi, liman ya yi tsallen da bai yi ba tun yana saurayi ya bar takalmi, ta ƙara gudu, ta wuce kowa, ta je ta matse ragon nan da katanga. Kafin mahauci ya kai wuƙa wuyanshi ya riga ya cika. Ragon suna ya zama mushe a gaban jama'a. Sai da aka nemo wani, shi ya sa kai da hantsi aka raɗa maka suna. Allah ya tsare ba mutum ta samu ba, har gobe ina gode mashi.

Babanku ya rantse ya maya cewa da hannunshi ya sa weji. Aka duba inda motar ta kwana, babu dutse. Aka duba kwata, aka duba zaure, aka bi gangaren sama da ƙasa, babu. Da an ga dutsen a gefe da sai a ce taya ce ta ture shi, magana ta ƙare. Rashin ganinshi ne ya tada hankalin kowa. Wasu 'yan suna sun ce sun jingina da motar suna gaisawa, amma ba wanda ya saurare su. Rabin matan da ke gidan sun ga abin jiya a talabijin, yau ga shi a ƙofar gida.

"Ni tun jiya da na ga idon motar ga ban yarda da ita ba," in ji Iya a tsakar gida. "Jini ta nema, Allah ya sa rago ya tare ma jikana."

Kafin sati labari ya kai Kurfi ya dawo da ƙari. Wai tana kunna fitila da kanta. Wai an gan ta ita kaɗai a bakin dam tana shan ruwa. Yara suka sa mata suna Mai-cin-rago. Matan da suka shekara suna rububin gidan gaba suka koma jiran wata motar ko da za su rasa kasuwa, 'yan hatsi suka ce buhunsu ba zai hau ta ba. Aka wanke ta da rubutu, aka turara ta har kujeru suka ɗauki ƙauri, mijin Maman Ngozi ma ya zo ya yi mata tashi addu'ar, don katangarshi ce ta tsage. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Babanku. Mutumin da ya san kowane ƙusa a jikin motar nan, ya daina kai ta kan gangare don kada ta sake, ya ajiye ta a fili shimfiɗaɗɗe gaban masallaci. To a fili yaya za ta tashi ba batir? Sai an tura. Wa zai sa hannu ya tura Mai-cin-rago? Babu. Sai aka ce kun gani, yanzu kuma ta yi fushi ta ƙi tashi. Kai jama'a! Nuhu kuma bai mayar da kaset ɗin nan ba, kullum wuta ta zo sai wasu matan su cika mani ɗaki, wai a nuna masu abin da ya faru a gidan Sale Direba, Babanku ke nan.

Ni fa maijego ce, daga ɗaki sai wurin wanka. Wata safiya na fito da wuri ruwa bai gama tafasa ba, na zauna a kan turmi ina jira. A bayan ɗakin Iya aka kafa sabon murhu tun asubar ranar suna, don babbar tukunyar shinkafa, bayan suna kuma a kanshi ake dafa mani ruwan wanka. Ina kallon wuta, sai idona ya sauka a kan ɗaya daga cikin duwatsun. Mai faɗin ciki, gefe ɗaya a shafe. Ya yi baƙi da hayaƙi, amma can ƙasa inda wuta ba ta kai ba, ga ɗigon shuɗi. Gari duk ya tashi ana neman dutse, malamai na ta aiki, ashe kullum safe da yamma a kanshi ake dafa ruwan da nake wanka. Ba wanda ya gani. Yo wane namiji ne ya taɓa leƙa murhu? Matan da suka yi girki kuma ba su san weji ba, dutse dai dutse ne. Iya ta fito da asuba tana neman na uku, ta ga mai kyau a gindin taya, ta ɗauko. Giya ta riƙe motar har mutane suka zo suka jingina. Shi ke nan aljanin.

Iya ta zo da ganyen wanka a hannu. Na sassauta murya na ce, "Iya, wannan dutsen mai kyau, ina kika samo shi?"

Hannunta ya tsaya cak. Ta dubi dutsen, ta daɗe tana dubanshi.

"Garinku duk duwatsu ne, ke Hajo, ina zan tuna? Tashi ruwa ya yi."

Ranar ta watsa mani ruwa da zafin da ba ta taɓa ba. Kuma daga ranar ta ninka maganar aljanu, ko baƙo ya zo gaisuwa sai ta ba shi labarin idon motar. Nan na gane ta gane. Ban ga laifinta ba sosai. Tsohuwa mai daraja a dangi, a ce ita ta mayar da ragon jikanta mushe, ta kusa kashe liman? Da wace fuska za ta koma Birchi? Ni kuma suruka, da wane baki zan nuna ta? Ku 'yan yanzu za ku ce sai a faɗa kawai. A lokacinmu ko sunan Iya ban iya kamawa, balle laifinta.

Na gwada ta wajen Babanku. Ya shigo da la'asar ya zauna ya zabga tagumi, na ce, "Malam, da ka leƙa murhun bayan ɗakin Iya."

"Me na ajiye a murhu?"

"Ka dai leƙa. Ka dubi duwatsun."

"Hajo, ina cikin wannan hali kike aike na kallon murhu? In ya karkace ki gaya wa Nuhu ya gyara."

Na ce mashi giya ce ta zame, ba aljani. Ya ce to dutsen fa, ƙafa ya yi? Na buɗe baki, sai ga tarin Iya a tsakar gida, na rufe. A zaman nan ya gaya mani shawarar da ya yanke. Wani mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo daga Katsina ya farfasa motar ya kwashe, shi kuma wani ubangidanshi ya samar mashi tuƙin babbar mota a Kudu. Gida sai Sallah. Ni da ko gidan maƙwabta sai na yi shawara da zuciyata kafin in shiga, ga ku uku ƙanana, ga jariri, a bar ni da bango huɗu in riƙa jiran Sallah, duk a kan dutsen murhu.

Ana cikin wannan ne wuta ta zo, Nuhu ya shigo da wasu mata daga Kutawa ko sallama ba su gama ba, ya zura kaset. Na ji wannan kiɗan na farkon fim ɗin da na haddace kamar karatu. Ban san sanda na miƙe ba. Na danna, na zaro, na wuce su, na je bayan ɗakin Iya na cusa shi a wuta, a gindin dutsen nan. Ya narke yana wari. Nuhu na ihu wai na haya ne. Iya ta fito ta gan ni a tsaye ina huci, ta ga inda na sa shi, ta juya wajen baƙi.

"Ku yi haƙuri, tsoro ne. Tun ranar da ta gani ba ta barci, baiwar Allah."

Daga nan sunan ya samo asali. Haushi ne, 'ya'yana, wallahi haushi ne.

Mai ƙarafa ya aiko cewa ran Asabar zai zo, ni kuma ran Juma'a na yi arba'in aka daina wanka. Da aka sauke tukunya murhu ya huce, na mirgino dutsen nan da kaina, na sa toka da soso na dirje bayanshi har shuɗin ya fito fes. Na kai shi gaban tabarmar Iya, na dama fura na ɗora ƙwaryar a kanshi, na durƙusa. Ta dubi ƙwarya, ta dubi abin da ke ƙarƙashinta.

Na ce, "Iya, gobe zan fara yawon arba'in, kuma daga Birchi zan fara, in gaida dangi. A motar Malam zan tafi, ni da jikanki."

"Ba ki da hankali."

"Ƙila. Amma in mai ƙarafa ya riga ni, Malam Kudu zai tafi. Ni zan gan shi daga Sallah sai Sallah. Ke ma haka, Iya. Ni ina da ƙuruciyar jira."

Ban taɓa yi mata doguwar magana irin wannan ba. Ta ɗauki ludayi ta juya furar, ta juya, ba ta sha ba.

"Wa kika gaya ma?"

"Ba kowa."

"Har shi?"

"Har shi."

Ta kurɓa ɗaya ta ce furar ta yi tsami, in tashi in ba ta wuri.

Da safe na goya ka na fito, ban san ko ni kaɗai zan tafi ba. Sai ga Iya ta ci ado da zanen da take zuwa Idi da shi, carbi a hannu, ta sa Nuhu ya sungumo dutsen yana bin ta a baya. Muka ratsa unguwa har filin masallaci, mutane na biyo mu. Babanku na can tsaye nesa da motarshi yana jiran mai ƙarafa. Iya ta kewaye motar tana tofi, ta buga mata tafin hannu a hanci kamar mai tsawata wa akuya, sannan ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Na yi magana da abin da ke cikinta, ya tafi. Ga dutse na yi mashi tofi. Kullum a mayar da ita kan gangarenta a danne ta da shi, kuma kada wanda ya kuskura ya taɓa shi. Ni uwar mai motar, ni zan fara shiga."

Nuhu ya dire dutsen a gaban Babanku, shuɗin na sama. Ina kallon fuskar Babanku. Ya dubi fentin da ya shafa da hannunshi, ya dubi baƙin hayaƙin da ban iya kankarewa a gefe ba. Ya ɗago ya dubi uwarshi, ta tsare shi da ido. Ya juyo ya dube ni, na sunkuyar da kai ina gyara goyo. Sai ya yi gyaran murya ya ce, "Allah ya saka da alheri, Iya," ya ɗauki dutsen ya sa a bayan mota.

Muka shiga gaba mu uku, Iya a bakin taga, ni a tsakiya gwiwata na gogar giya, kai Kabiru a cinyata. Saura turi, maza sun yi cirko-cirko. Iya ta leƙo.

"Tsohuwa da maijego da jariri sun shiga, ku masu gemu kuna tsaye? Ko in sauko in tura da kaina?"

Liman ne ya fara naɗe hannun riga. Suka tura, ta yi tari biyu ta tashi, yara suka bi mu da ihu. A tasha mata biyu 'yan Kurfi suka leƙo suka ga Iya a miƙe tana jan carbi, suka dubi juna, suka hau baya. Kafin mu fita gari an cika.

Yanzu ga maganar aman. Ni tun ina budurwa ban iya shiga mota, ko ranar da aka kawo ni gidan Babanku da lemun tsami a hanci aka kawo ni. Ga shi na yi arba'in ban ga titi ba, ga warin mai, ga ƙaurin turaren da aka banka wa kujeru, ga ramukan hanyar nan ta wancan lokaci, ga Iya ta hana a sauke gilashi wai iska za ta kama jariri. Na runtse ido na dafe ƙarfen gaba har Kurfi. Muna tsayawa a bakin kasuwa, gaban duk wanda ya fito kallon Mai-cin-rago, na sauko ina tangaɗi na amayar da kunun safe. Iya ta sauko tsaf ko ɗankwalinta bai goce ba, ta karɓe ka, tana bubbuga bayana.

"Sannu, Hajo, sannu. Ba na ce maki ya tafi ba? Yarinyar ga akwai tsoro."

Kasuwa guda ta ji. Mai ƙarafa ya zo Dutsin-Ma ya tarar ba mota, ya koma. Babanku bai je Kudu ba, a motar nan ya ci gaba da nema har kuka shiga makaranta, kullum a gida yake cin tuwon dare har Allah ya karɓi abinshi. Iya kuwa ta yi suna. Har daga Tamawa ake kawo mata yara masu firgita ta yi masu tofi, kuma tana yi, ba kunya. Ni kuma na zama Hajo matsoraciya. Ba biki ba suna sai an tada labarin, wata ta kwaikwayi yadda na dafe ƙarfe, wata yadda na ruga da kaset. Iya na zaune tana dariya har da hawaye, sai dai in an watse ta kira ni ɗaki ta tura mani ƙullin naman da ta ɓoye. Babanku ma yana ji yana dariya tare da ku, bai taɓa gyara wa kowa ba, wannan kam na riƙe shi a kai. Abu ɗaya kawai: a waje dutsen Iya ake kiranshi, amma in ya dawo da yamma ya danne tayar ya shigo, ba kowa a kusa, sai ya ce, "Hajo, na sa dutsenki." Ni kuma in ce sannu da zuwa. Iyakar maganar da muka taɓa yi a kai ke nan.

Motar ta daɗe da zama tukwane a hannun maƙera. Dutsen yana nan. Shi ne wannan na bakin zaure da 'ya'yanku ke fasa goruba a kai. Kabiru, in ka zo ka juya shi, za ka ga shuɗi a baya, baƙin hayaƙi a gefe, sai ka gaya mani ko aljani na hura wuta. Da Sallah mai zuwa kuma ku nemo mani fim ɗin motar, ko wanne ne, a waya ko a talabijin, a gaba zan zauna, har yau ina so in ji wa ke zuba mata mai. Sannan ga bikin jikata Zainab na tafe, gida zai cika da masu girki. Duk wadda kuka ga tana zagaye da asuba tana neman dutsen murhu na uku, ku nuna mata wani.